Tamostat ɗin Wardugu

Motar Togoi ta shigo Faya tana tafasa. Ba ɗumi nake nufi ba, tafasa sosai, murfin lagireto na rawa, tururi na tsartuwa ta gefen bonat, har masu shan shayi a bakin tasha suka miƙe da kofuna a hannu suna kallo. Shekara ashirin da shida yana bin hanyar nan, ya gangara Musoro da dabino da kanwa, ya hauro da gero da sukari, bai taɓa shigowa gari da abin kunya irin wannan ba. Ya sauko yana zagin motar, yana zagin wanda ya sayar masa da ita bara.

Ga shi lokacin bai yi masa daɗi ba. Dabino ya nuna, buhunan Alhaji Allaci na jibge a tasha suna jiransa, ga fasinja goma sha tara da suka kama wuri tun makon jiya. A cikinsu har da ƙanwarsa Herdei. Tun da mijinta Wardugu ya mutu a yashin Jurab shekara biyu da suka wuce, gidan Faya ya yi mata faɗi, shi ne ta ɗaure kayanta za ta koma wajen 'yarta a Musoro da zama. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakin uwarsu. Togoi mutum ne mai bakin tsiya, babu wanda ya bari a tasha, amma in Herdei ta ce masa zauna, zama yake yi.

Aka tura motar garejin Usta Jibrin. Mutumin Abeshe ne, ya zo Faya aikin wata uku ya shekara talatin, kuma har yau bai yafe wa garin ba. Ya bari inji ya huce, ya kwance kusoshi uku inda babban tiyo ya shiga kan inji, ya zaro tamostat da yatsa biyu. Ɗan ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba, da sifirin a jikinsa, aikinsa tsaron ƙofar ruwa: in inji ya yi zafi ya buɗe, in ya huce ya rufe. Wannan ya rufe ya ƙi buɗewa, shi ke nan ciwon.

Togoi ya yi ajiyar zuciya, ya ce ashe ma abin banza ne. A jefar da shi a mayar da kusoshi, gobe da safe ya yi lodi. Kowa a hanyar nan haka yake yi. Turawa sun sa abin ne don ƙasarsu ta ƙanƙara, mu da ƙwai ke dahuwa a kan bonat me za mu yi da mai hana ruwa wucewa?

Usta ya dube shi sama da ƙasa, ya ce da ma ya daɗe da sanin cewa direbobin Faya da raƙumansu makaranta ɗaya suka yi. Ya juya ƙarfen ya nuna masa wani ɗan faifai a gindinsa.

“Ka ga ƙafar nan? Tsofaffin motocinku ba su da ita, shi ya sa kuke cirewa kuna kwana lafiya. Wannan injin hanyar ruwa biyu gare shi. Doguwa ta bi ta lagireto, ruwa ya huce ya dawo. Gajeriya ta zaga nan kusa ta koma inji da zafinta. In inji ya ɗau zafi, ƙafar nan ce ke sauka ta toshe gajeriyar. Ka cire shi, ruwa rago ne, gajeriyar zai bi. A ƙasa mai tauri ba za ka gane komai ba. Sai ka shiga Jurab, kana giya ɗaya, yashi ya kama taya. A nan za ka yi ta ɗura masa ruwa yana amayarwa, har ka ɗura masa wanda za ka sha.”

Togoi ya nemi tsohuwar taya ya zauna.

Motoci biyu ne kacal irin wannan suka taɓa bin hanyar Faya. Tasa ce ta biyu. Ta farko ta Wardugu ce. Ana gobe Wardugu zai yi tafiyarsa ta ƙarshe, ya sami Togoi a tasha yana ƙorafin allurar zafi na ɗan hawa. Togoi, da yake shi ne babba, shi ne gwani, shi ne yayan mata, ya ce masa kauce ka ga aiki. Da hannunsa ya kwance kusoshin nan uku, ya zaro ƙarfen, ya yi wa Wardugu dariya a kan ya sayi motar Turawa har da rigar sanyinta. Ya jefa shi cikin akwatin sifanunsa, wai tagulla ba ta rasa amfani. Washegari Wardugu ya fita da mutum goma sha ɗaya. Bayan kwana tara aka same su, su goma sha biyu, babu ɗigon ruwa a duro, babu a jarka, babu a lagireto. Aka ce ƙaddara, Togoi ma ya ce ƙaddara, ya zauna zaman makoki a ƙofar Herdei yana karɓar gaisuwa.

Shekara biyu bai sani ba. Yanzu ya sani, a kan tsohuwar taya, da rana tsaka, kuma abin da ya fara zuwa masa ba tausayin matattu ba ne, Allah ya yafe masa. Tsoro ne. Kada Herdei ta ji.

Shi da Usta suka shiga kasuwa neman wani tamostat. Faya ba Njamena ba ce, shaguna uku ne ke sayar da kayan mota, biyu daga ciki na mutum ɗaya ne. Suka samo guda biyu. Ɗaya sabo fil a kwalinsa, ya shigo ta Kufra, ɗaya kuma na hannu, mai shagon yana rantsuwa daga motar soja ya fito. Usta ya ƙi sauraron rantsuwa. Ya ɗora tukunyar da yake wanke hannu a kan murhun shayinsa, ya cika ta da ruwa, ya rataya ƙarfen a ciki da waya. Haka yake gwaji tun kafin a haifi rabin direbobin tasha. Ya ce lambar da injin ke so saba'in da tara ce, kuma shi ba ya bukatar ma'auni: in ƙananan kumfa suka fara mannewa a gindin tukunya, tun ruwa bai yi tunanin tafasa ba, a nan mai kyau yake buɗe baki.

Sabon ya yi mursisi har ruwa ya fara juyawa sannan ya ɗan yi hamma. Usta ya duba lambarsa ya ce wannan kam na ƙasar ƙanƙarar ne da gaske, kafin ya buɗe inji ya riga ya gasu. Na hannun ya buɗe a kan lokaci, sai dai ba shi da ƙafa. Usta ya ce sa shi da rashin sa shi duk ɗaya ne. Abin da ya rage a aika Njamena, mota ta kawo, kwana ashirin in an yi sa'a.

Kwana ashirin! Alhaji Allaci ya riga ya zo garejin sau biyu yana tambaya ko dabinonsa zai tsufa a tasha ne ya yi jikoki. Herdei ta sayar da akuyoyinta, ta ba da makullin gida, a tabarmar maƙwabta take kwana. Togoi ya yi ta kai da komo a bakin garejin. Can ya hau motar, ya jawo akwatin sifanu, ya tona har ƙasa, ƙarƙashin tsumma da tsofaffin kusoshi. Yana nan inda ya jefa shi. Ko tsatsa bai yi ba.

Ya miƙa wa Usta ya ce ya tuna yana da wani, tsintuwa ya yi tuntuni. Usta ya juya shi, ya ga ƙafa, ya goge lamba da babban yatsa, saba'in da tara. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan, kamar mai maganar farashin gero, ya ce Togoi dai ya san dokar hanya: motar da ƙishi ya kashe mutanenta ba a ɗaukar ko kusa ɗaya a jikinta sai ruwan sama ya wanke ta. Kuma rabon Jurab da ruwan sama an fi shekara shida.

Togoi ya ce ai wannan ya bar motar tun kafin abin ya faru, dokar ba ta hau kansa ba.

“Ni ban tambaye ka wace mota ba,” in ji Usta.

Ya rataya shi a tukunya. Kumfa na fara mannewa, ƙarfen ya buɗe baki a hankali, ƙafar ta sauka, babu abin da za a ce. Amma Usta bai cire shi ba, ya sunkuya yana leƙen tukunyar. Ruwan ya ragu da yatsa biyu. Bai tafasa ba, ko tururin kirki bai yi ba, tukunyar kuma ba ta yoyo, don toka a bushe take a ƙarƙashinta. Ya zubar ya sake cikawa har baki, suka tsuguna su biyu suna kallo. Ya sake buɗewa a kan lokaci. Ruwan ya sake sauka, a gaban idonsu, shiru, har wayar da aka rataya shi da ita ta fito fili. Da Usta ya ɗaga shi, a bushe yake ƙamas kamar an ciro shi daga buhun gari.

Usta ya ajiye shi a kan benci ya wanke hannu har gwiwa. Ya ce a matsayinsa na makaniki, wannan ne daidai da injin, babu na biyunsa daga nan har Musoro. A matsayinsa na mai 'ya'ya kuma, ba hannunsa ne zai ɗaura shi ba. Ga sifana nan, ga gaskit, wanda ya kwance shi ya san yadda ake mayarwa. Da Togoi ya gama ɗaurewa, Usta ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce dai ya cika durunansa har baki, kuma kada ya wanke fuska da ruwan hanya.

Suka tashi da hantsi, duro biyu cike a ɗaure a gefe, fasinja a saman buhuna da rawunansu a naɗe. A gaba Togoi ne da Herdei a tsakiya, Alhaji Allaci a bakin taga da carbi da ledar gyaɗa. Wallahi motar ba ta taɓa tafiya irin ta ranar ba. Allurar zafi ta hau ta tsaya a inda ake so ta kafe, ko a hawa ba ta motsi. Alhaji ya ce ashe Usta Jibrin ba zagi kaɗai ya iya ba. Togoi ya fara jin kamar abin tukunyar nan zafin rana ne ya yi musu wasa da ido.

Wajen azahar, sun bar dabinan Faya a baya da nisa, sai ya ji wani sauti daga ƙarƙashin bonat. Ba ƙarar ƙarfe ba ce, ya san duk ƙarar da ƙarfe ke yi. Ƙwat, ƙwat, ƙwat, a jere, ba gaggawa. Allura ta fara rawa. Ya tsaya, ya jira inji ya lafa, ya buɗe murfin lagireto da tsumma. Ya leƙa bai ga ruwa ba. Ya tsiyayo jarka guda daga duro ya ɗura, ta shige duka, ruwa ya tsaya daidai wuya. Ya kwanta a ƙarƙashin motar yana neman inda ya bi. Yashi a bushe, tiyo a bushe, famfon ruwa a bushe. Ya zaro sandar mai ya duba ko ruwa ya shiga inji, mai baƙi ƙirin lafiya lau. Salansa ba ta farin hayaƙi. Ya ce wa mutane iska ce ta rage a ciki bayan gyara, yanzu ta fita.

Kafin la'asar motar ta sake yi. Jarka guda, ba ƙari ba ragi.

Da suka ci gaba, Herdei ta yi ɗan murmushi ta ce abin dariya, sautin nan ya tuna mata da baban yara. Haka Wardugu yake shan ruwa, ya kafa kai a kwano ana jin maƙogwaronsa daga waje, ta yi faɗa har ta gaji bai daina ba. Alhaji ya ce Allah ya jiƙansa, ya daina cin gyaɗa. Ita kuma ta juyo ta ce, “Yaya, an ce motarsa tana nan a hanya. Ban taɓa gani ba. In mun zo ka tsaya mini in yi masa fatiha.” Togoi ya ce to.

Rana ta biyu suka shiga Jurab sosai, kuma Jurab ta yi musu abin da ta saba. Sau huɗu suna kafewa. Maza su sauka, a tona, a shimfiɗa farantan ƙarfe, a tura, a kwashe farantan a guje a sake shimfiɗawa. Mai wannan aikin dole ya sha ruwa, ba a hana shi. Injin kuma bai fasa nasa ba. Duk bayan 'yan sa'o'i sai ƙwat, ƙwat, ƙwat, sai jarka guda. Tsakanin sha da sha kuwa allura na nan a kafe, inji na tafiya sumul kamar wanda ya ƙoshi. Wannan ne ya fi damun Togoi. Inji mai ciwo yana nuna ciwo, wannan lafiyarsa ƙalau, sha kawai yake yi.

Duron farko ya ƙare da yammacin ranar. Fasinja ba makafi ba ne. Wani tsohon soja mai suna Barkai, wanda ya ce ya yi tuƙi a bakin iyaka, ya fara bin Togoi duk inda ya tsuguna yana ba shi shawarar da ba a tambaye shi ba. Alhaji ya daina wasa. Aka sa doka, kofin shayi uku ga kowane mutum tsakanin salla da salla, aka koma taimama. Togoi yana ƙirga jarkokin a zuciyarsa ba tare da ya so ba. Bakwai. Takwas. Ya san inda lissafin ya dosa, ya yi ta ƙoƙarin kada ya sani.

A rana ta uku, rana na tsakiyar ka, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, suka hango motar Wardugu. Tana tsaye a wani kwari tsakanin tuddai biyu, hagu da sawun motoci. Ko ba a faɗa ba kowa ya yi shiru a saman kaya. Shekara biyu a hanyar da ake kwance mota har ƙashinta cikin mako guda, amma wannan tayoyinta goma na nan, madubanta na nan, tampol ɗinta a ɗaure, gilashi ko tsaga babu. Bonat a buɗe, an tokare shi da sanda yadda aka bar shi. A gaban tayar gaba jarkoki ne a jere, bakinsu a buɗe, an jera su da kyau kamar za a zo a cika. Daga gefe kuma tarin duwatsu goma sha biyu, inda waɗanda suka sami gawarwakin suka rufe su.

Togoi bai taka birki ba tukuna injin ya fara. Ƙwat, ƙwat, ƙwat. Wannan karon da ƙarfi, har na saman kaya suka ji, kuma allura ba rawa ta yi ba, hawa ta yi kai tsaye. Ya kashe motar. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar muni.

Herdei ta sauka ta nufi duwatsun ita kaɗai. Maza suka taru a gindin duro. Aka karkata shi aka tsiyaye, abin da ya fito jarka ɗaya ce, ta ƙarshe. Rijiyar Kuba tafiyar awa shida ce in ba a kafe ba. Mutum ashirin da ɗaya, cikinsu da tsohuwa da mace mai shayarwa. In an ba inji, babu na sha. In an hana shi, babu tafiya.

Barkai ne ya fara. Ya ce shi tun jiya ya gane, abin nan da aka ɗaura a Faya shi ke riƙe ruwa yana ƙona shi a ciki. A cire a jefar, ruwa ya zaga yadda yake so, a zuba wa inji rabin jarka a bar wa mutane rabi. Alhaji ya ce ƙwarai kuwa, abin ƙasar ƙanƙara ne, me ya kawo shi motar da ke bin Jurab? Sauran suka ɗauka, kowa ya san wannan, kowa ya taɓa ganin an yi. Togoi ya ce ba za a cire ba, ya yi musu bayanin hanya biyu da ƙafa, yadda Usta ya yi masa. Barkai ya yi dariya da busasshen baki ya ce tatsuniyar makanikai ce don su sayar da kaya. Ya riga ya ɗauko sifana daga akwatin Togoi, maza biyu sun ɗaga bonat.

Togoi ya sha gabansa ya jingina bayansa da motar. Ƙarfen na ƙona shi ta cikin riga bai matsa ba. Alhaji ya ce, kai direba, rayukanmu ne fa, in kana da hujja kawo, in ba ka da ita kauce. Ya waiga. Herdei ta gama fatiharta tana dawowa, ta kusa, duk abin da zai faɗa za ta ji. Ya so ya yi ƙarya, ya lalubi ƙarya ko guda a kansa bai samu wadda za ta tsayar da sifanar nan ba.

“Hujjata ga ta can,” ya ce, ya nuna motar Wardugu. “Irin wannan ce, inji ɗaya. Babu tamostat a cikinta. Ni na cire shi da hannuna a tashar Faya ana gobe zai tashi, na ce masa abin ƙasar ƙanƙara ne, na yi masa dariya. Ya shigo nan ba shi da shi. Ga jarkokinsa can, ku je ku ƙirga abin da ya ɗura. Wanda ke cikin motata yanzu, nasa ne.”

Babu wanda ya yi salati da ƙarfi. Maza biyun suka saki bonat a hankali suka ja baya, suna goge hannu a riga. Barkai ya dubi sifanar da ke hannunsa ya ajiye ta a kan yashi.

Herdei ta ƙaraso har gabansa. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta tambaye shi yaushe ya sani. Ya ce ran nan, a garejin Usta. Ta ce kenan da ya ɗaura shi ya sani, da ta zauna kusa da shi kwana uku tana ba shi labarin maƙogwaron mijinta ya sani. Ya ce e.

“Jarka nawa ya sha?”

“Sha ɗaya.”

Ta juya ta dubi duwatsun, leɓunanta na motsi tana ƙirga su. Sannan ta sunkuya ta kama jarkar ƙarshe da hannu biyu. Alhaji ya buɗe baki zai yi magana, ta dube shi, ya rufe. Ta ce wa Togoi ya buɗe murfin. Ya buɗe. Ta taka bamba ta hau, mace mai shekara hamsin, ta ƙi a taimake ta, ta karkata jarkar a bakin lagireto. Mutum ashirin suna tsaye suna jin ruwansu na ƙarshe yana sauka, mai shayarwar ta rufe fuskar jaririnta da mayafi. Herdei ta zuba har ɗigon ƙarshe, ta girgiza, ta sauko. Ta ɗauki jarkar ta kai ta gaban motar Wardugu, ta ajiye a ƙarshen layin.

Ba ta koma gaba ba. Ta sa aka ja ta saman buhuna, cikin rana, tsakanin fasinja. Alhaji ya zauna manne da ƙofa, wurinta a tsakiya babu kowa.

Awa shidan nan Togoi ba zai iya ba da labarinsu daidai ba. Ya san sun kafe sau ɗaya, maza suka tona ba mai magana, don harshe ya yi nauyi. Ya san an buga rufin motar an ce tsohuwar ta suma, aka ce kada ya tsaya. Kunnensa na kan bonat, idonsa na kan allura, yana jiran sautin nan, don in ya sake zuwa babu abin da za a ba shi. Bai zo ba. Allura ta kafe a wurinta har suka fita daga yashi, ƙasa ta yi tauri, suka fara ganin kashin raƙuma da sawun awaki.

Rana ta yi ja suka iso Kuba. Makiyayan da ke bakin rijiya suka ga yadda mutane ke zubowa daga motar, suka bar dabbobinsu suka kama guga. Aka jiƙa wa tsohuwar leɓe da tsumma har ta buɗe ido. Jaririn ya yi kuka, uwarsa ta yi dariya tana hawaye. Mutum ashirin da ɗaya suka tashi daga Faya, ashirin da ɗaya suka iso, Alhaji ya ƙirga da carbinsa sau biyu.

Togoi bai je rijiyar ba. Ya zauna a ƙasa ya jingina da taya, ba wanda ya kira shi. Yana nan sai ya ga ƙafafun Herdei a gabansa. Kwano ne a hannunta, cike, ta riƙe shi da kyau kada ya zube. Ya ɗaga kai yana neman abin da zai ce, ta riga shi.

“Sha. Da sauran tafiya, kuma kai ne mai tuƙi.” Ta jira ya karɓa. “In mun isa Musoro ka sauke ni a tasha, 'yata za ta zo ta ɗauke ni. Kada ka tambayi kowa inda gidan yake.”

Ta juya ta koma wajen mata. Ya riƙe kwanon da hannu biyu, ya daɗe kafin ya kai shi baki.